Tsagar Mijin Inna Atine

Hudu mai hoto bai iya zama ba. Ko abinci a tsaye yake ci. Lokacin da sauran masu hoto a Gummi ke ta wanki a ɗakin duhu, shi har ya sayar da babur ya kwaso kwamfuta da firinta daga Sakkwato. Mu muka ce rawar kai ce, kuma ba mu yi ƙarya ba.

Injin nan ya ba shi wuya. A gilashin kwamfuta fuska tas, in ta fito a takarda sai ta dushe, baƙi ya haɗiye komai. Masu fasfo ba su damu ba, in dai akwai kunnuwa biyu.

Wata ranar kasuwa Inna Atine ta zo daga Adabka a kan acaɓa, da hoton marigayi mijinta ƙulle a bakin zane. Shi kaɗai gare ta, ga gara ta ci gefe, yana ta kodewa. Tana son a fitar mata da babba kafin ya ɓace.

Hudu ya ɗauke shi cikin kwamfuta, ya gyara, ya buga. Ta duba, ta miƙo masa.

"Wanga ba shi na ba. Ina tsagatai?"

Gaskiyarta. Tsagar gado da ke kumatun mutumin tana nan a gilashi, amma a takarda fuskar ta koma gawayi. Hudu ya ƙara haske ya sake bugawa.

"Kai ɗana, mi kay yi mai? Ba hwari na ba."

Ya ji haushi ƙwarai, na kansa ba nata ba. Ya fita, ya dawo, ya zagi janareta da bai yi masa komai ba. Takarda mai kyau ta kusa ƙarewa, mai acaɓa kuma yana ta danna oda, wai hadari ya taso.

A bakin ƙofa, da baƙin bugun a hannu, abin ya faɗo masa: gilashin ne ke yi masa daɗin baki. Ya koma ya kara takardar a gefen gilashin, ya dinga rage haskensa har hoton ciki ya yi muni daidai da na hannunsa. Sannan ya gyara kumatun kawai, a hankali, yana kaɗa ƙafa, bai taɓa sauran fatar ba.

Firinta ta turo takarda. Ya miƙa mata.

Inna Atine ta kalla sau ɗaya. Sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ɗan juya gefe, yadda mace ke yi in maigida ya shigo.