Dije Da Usur Na Biyu

Har yau ban manta da wata ranar Talata ta cikin watan Afrilu ba, lokacin da nake istaj a wata lakwal, wato makarantar firamare, ta ƙauye kusa da Guci. Ga wanda bai san aikinmu ba, istaj shi ne zaman da ɗalibin makarantar horon malamai ke yi a wata lakwal kafin a ba shi ajin kansa. Yana kallon yadda ake koyarwa, yana gwadawa, direkta kuma yana auna shi. Daga Damagaram aka turo ni, aka sa ni ƙarƙashin Mushe Lawali (Mushe muke ce wa malami namiji a lakwal), wanda shi ne direkta kuma shi ke riƙe da ajin CP, wato shekara ta biyu ta firamare. Mutum ne mai barkwanci. Da ya ga ba ni da yawan magana sai ya laƙaba mini Mushe Kurum, har yara suka ɗauka sunana ke nan.

A shekarar, wani shiri ya shigo makarantun yankin Magariya da Dungas, na wasannin horar da ƙwaƙwalwar yara. Kowace safiya kafin darasi mukan ɗan yi su. Akwai na tuna abubuwan da aka nuna wa yaro aka ɓoye, akwai na tafi da ake juya wa ƙa'ida. Wanda yara suka fi so shi ne wasan dutse. Malami na tafi, yara na rawa. Idan ya busa usur, kowa ya ƙame inda yake kamar dutse, ba motsi, ba magana, sai an busa usur na biyu. Wanda ya motsa ya fita. An bayyana mana cewa wasan na koya wa yaro riƙe kansa da tattara hankalinsa, kuma ni shaida ne, yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya sun fara natsuwa.

Ajinmu na zana ne, ƙasansa yashi, yara na zama a kan tabarmi. A cikinsu akwai Dije, 'yar shekara bakwai, daga wata rugar masu noma da kiwo da ke bayan gari. Ba ta ɗaga hannu, ba ta kallon babba a ido, amma a wasan dutse ba mai ja da ita.

Ranar da nake ba ku labari, Madam Rakiya, mai kula da shirin, ta zo daga Magariya don ganin yadda muke tafiyar da shi. Aka raba aiki. Madam ta karɓi usur, Mushe Lawali na tafi, ni kuma aka ce in zauna a gefe in lura da fuskokin yara, in ga wanda hankalinsa ke saurin watsewa.

"Madam, yau za ki ga abin mamaki," in ji Mushe Lawali. "Muna da wata 'yar Fillo, in ta ƙame, ko Mushe Kurum ya fi ta surutu."

Yara suka yi dariya, aka nannaɗe tabarmi, aka fara rawa har ƙura ta tashi. Madam ta busa usur. A ƙa'ida ba a daɗewa a busa na biyu, amma ranar suka ce bari su ga wanda zai yi saura. Ɗaya bayan ɗaya yara suka riƙa faɗuwa, wani dariya ta kama shi, wani ƙuda ya dame shi. Aka bar Dije da wasu yara biyu.

"Masha Allah," in ji Madam. "Ku dubi yarinyar nan. Wannan shi ne abin da muke nema."

Ni ma ita nake kallo, amma abin da nake gani bai kwanta mini ba. Zufa na zubo mata daga goshi fiye da ta sauran, leɓenta na ƙasa ya shige tsakanin haƙoranta, idanunta sun cika da ruwa ba ta ƙifta su ba. Na bi jikinta da kallo har ƙasa. Dab da ƙaramin yatsan ƙafarta ta hagu, ga wata kunama ruwan ƙasa, wutsiya a ɗage. Rawa ce ta taso ta daga gindin zana.

Ban san ina da murya irin wannan ba. "Kunama! Mushe, kunama!"

Aji ya watse, yara suka yi waje suna ihu. Mushe Lawali ya cire takalmi ya murƙushe ta. Muka juyo, sai ga Dije tana nan yadda take, hannu ɗaya sama, ɗaya a ƙugu, jikinta na kaɗawa.

"Dije, ta harbe ki?" in ji Mushe Lawali. "Ke Dije, zauna mana, wasa ya ƙare!"

Ba ta motsa ba. Idonta na kan bakin Madam. Nan na gane abin da take jira.

"Madam, usur," na ce. "Ba ki busa na biyu ba."

Madam ta yi maza ta kai shi baki. Tana busawa, Dije ta zube ƙasa kamar an yanke igiyar da ke riƙe da ita. Ko a lokacin ba ta yi kuka ba, sai dai ta kama ƙafar, ta ce a hankali, "Mushe, ban motsa ba."

Mushe Lawali ya tayar da babur, na hau baya rungume da ita, motar su Madam ta biyo mu. Kafin mu kai gidan likita a Guci ta fara amai, yawu na dalala, jikinta sharkaf da gumi. Harbin kunama da babba zai yi jinyarsa da tsaki yana iya tafiya da ƙaramin yaro. Ma'aikacin jinya ya yi mata allura, ya sa mata ƙarin ruwa, ya ce sai dai mu jira mu ga yadda zuciyarta za ta ɗauka. Mushe Lawali, mai maganar da ba ta ƙarewa, ya zauna a benci yana salati kawai.

Bayan azahar mahaifinta ya iso tare da kakarta. Na zaci zai shaƙe wuyan wani. Sai ya gaishe mu a natse, ya yi mana ban gajiya, ya koma gindin bishiya ya tsaya, bai ko leƙa ɗakin ba. Dije 'yar farinsa ce, kuma a wurinsu abin kunya ne uba ya nuna damuwa a kan ɗan fari. Sandarsa kawai na ga yana murzawa. Kakar ce ta shiga, ta daɗe, ta fito ta tsaya gaban Madam.

"'Yata, ke ce mai busar?"

"Ni ce, Inna. Ki yafe mana, wallahi ba mu gani ba."

"Ai ba ke kika aiko kunama ba. Amma yarinyar nan tun tana rarrafe muke gaya mata ba a kuka gaban baƙi, ko saniya ta taka ta. Ku kuma kun ce kar ta motsa. To mu mun rufe mata baki, ku kun ɗaure mata ƙafa. Da me za ta gaya muku tana mutuwa?"

Madam ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

Allah ya sa da sauran kwana. Zuwa la'asar aman ya tsaya, washegari aka sallame ta, mako na zagayowa ta dawo aji tana ɗingishi. Ba mu daina wasan ba, amma Madam ta sa an gyara shi a duk makarantun da take kula da su. A share ajin zana kafin rawa, kar a ja lokaci don burge baƙo, kuma kafin komai a koya wa yara yadda ake ɓata wasa. Mun sha wahalar wannan na ƙarshen fiye da yadda muka zata. Sai da Mushe Lawali da kansa ya riƙa ƙamewa a gabansu, sannan ya daka tsalle yana "Wayyo ƙafata!" muna yi masa tafi, kafin yaran ruga su yarda ba laifi ba ne.

Ku da za ku fita istaj bana, ga abin da na ɗauko daga wannan rana. Dokar da malami ya faɗa da wasa, wani yaron da ransa yake riƙe ta, kuma kowane yaro ya riga ya zo da dokokin gidansu waɗanda ba mu sani ba. Hankalinmu yakan tafi kan mai ƙiriniya, mu bar mai biyayya muna yaba masa daga nesa. Idan kun ga yaro ya yi shiru har ya burge ku, ku matsa kusa, ku duba ƙafarsa.