Fibi Mai Daddawa da Hular Taubashinta

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kayan miya a kasuwar Dandume ya san Fibi mai daddawa, in bai san fuskarta ba to ya san muryarta. Doguwa ce, ta haura hamsin, bakinta kuwa ba ya hutu. A wani ƙauye na gefen Malumfashi aka haife ta. Kakanta Bamaguje ne, a kan al'adarsa ya mutu. 'Yarsa, uwar Fibi, ta bi 'yan mishan, ɗansa kuma ya musulunta ya koma Funtua. Ba a yi faɗa ba, kowa dai ya kama gabansa, har jikoki suka tashi ba su san juna ba.

Mutum ɗaya ne ya ƙi barin zumuncin ya mutu, wato Sada, ɗan kawun Fibi, wanda yanzu ake kira Alhaji Sada dillalin masara. Taubashinta ne, kuma kowa ya san tsakanin taubasai sai tsiya da zagi, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Fibi ta yi aure, ta haifi biyar, ta yi noma, ta dafa kalwa har hayaƙi ya rage mata gani. Da mijinta ya rasu, Sada ne ya zo da buhun masara, ya zauna a ƙofar gida tare da dattawan coci. Da zai tafi ya leƙa ɗakinta ya ce, "Ke baiwata, bawan Allah ya gaji da bakinki ya gudu ko?" Tana cikin kuka dariya ta ƙwace mata. A dangin uwarta kaf, shi kaɗai ya rage mata.

To ana nan sai ga Abdulrahman. Wai ɗan jarida! Ɗan jaridar ina? Shagon cajin waya gare shi a Funtua. Da ya ga wasu na cin abinci da ɗora bidiyo a intanet, sai ya sayi makirufo da wata fitila mai zagaye, ya liƙa katifar soso a bangon shagon, ya ce ya buɗe gidan fodkas, wato shirin hira. Babu mai kallonsa sai abokansa. Shi ya sa kowace ranar kasuwa yake yawo da waya a ɗage, yana addu'a a yi rigima a gabansa.

Ranar da abin ya faru, Sada ya taho da babbar riga yana toshe hanci tun daga nesa.

"Wace ƙazama ce ta cika mana kasuwa da wari?"

Fibi ta yi wuf ta miƙe, ta fizge hularsa ta ɗora a kan ɗankwalinta. "Alhajin ƙarya! Ka je Makka ka dawo, mudunka bai tuba ba. Durƙusa wa uwargijiyarka ka karɓi hularka!"

Layin ya kaure da shewa. Sada na dariya har da riƙe ciki, ya ce gobe zai kai ta kasuwar awaki ya ga ko za a taya. Abdulrahman ya ɗauki komai, kuma wallahi ya san wasa ne, don shi ma ya yi dariya. Amma da ya koma shago sai ya datse farkon, ya datse ƙarshen, ya bar fizgar hula da zagin kawai. Ya ɗora da cewa ga wata Kirista tana wulaƙanta Alhaji a tsakiyar kasuwa.

Kafin mako ya zagayo, mutanen da ba su san hanyar Dandume ba sun yanke wa Fibi hukunci. Wasu na cewa a kama ta, wasu na tambayar ina gidanta. Sarkin kasuwa, wanda a gabansa aka sha yin wasan, ya aiko cewa ta ɗan dakata da zuwa. Fasto ya zo ya ce ta kama bakinta. Fibi ta ce, "Ni da ɗan kawuna? Ina ruwan wani?" Sada ya yi ta bayani a majalisa da ƙofar masallaci har muryarsa ta dishe, amma bayaninsa iyakarsa Funtua. Shi ma aka fara yi masa gori, wai ya bar mace ta cire masa hula yana washe baki. Masu kawo masa masara suka fara ja da baya.

Sai mugun nan Abdulrahman ya dawo da fuskar mai gyara. Ya ce su zo shirinsa a yi sulhu duniya ta gani, wuta ta mutu. Fibi ta ce ko gawarta ba za ta shiga wannan shago ba. Sada ya bi ta har ƙauye, ya ce, "Don Allah ki zo, abin nan ya fi ƙarfina." Ba ta taɓa jin ya haɗa ta da Allah ba, sai ta ɗauki mayafinta.

Aka zaunar da su gaban fitilar, zafi kamar gindin murhu. Fibi ta fara bayanin kakansu, Abdulrahman ya katse ta.

"Mama, masu kallo ba tarihi suke jira ba. Ki nemi gafarar Alhaji kawai."

Ta juya ta dubi Sada. Jira take ya fashe da dariya, ya ce wa yaron nan baiwa ba ta neman gafara, sayar da ita ake yi. Sada ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyansa. Ta ce, "Ka yi haƙuri." Ya ce, "Na yafe mata." Abin ya soke ta fiye da duk zagin da aka yi mata a waya, don ba a yafewa sai an yi laifi. Wannan hirar ta fi bidiyon farko samun masu kallo, har Abdulrahman ya daina cajin waya ya sake wa shagon fenti.

An bar Fibi ta koma kasuwa. Ranar da ta koma, ta hango Sada ya shigo layin, zuciyarta ta yi fari, har ta tanadi abin da za ta ce game da tumbinsa. Sai ta ga wayoyi sun ɗaga ta ko'ina, na mai barkono, na masu dako, har da na wata mai sayen kuka. Shi ma ya gani. Ya tsaya nesa da tirenta, ya haɗa hannuwa a ƙirji.

"Sannu da kasuwa, Malama Fibi. Ya iyali?"

Ta ce, "Lafiya lau, Alhaji. Mun gode."

Ya wuce. Masu wayoyin suka sauke hannu suna tsaki, ba su sami komai ba. Fibi ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuska, wata mata na ta tambayarta daddawa, ba ta ko ji ba.