Motar Marayu a Ƙarƙashin Tamfol

Ɗana na fari direba ne. Shekarar da gwamnatin farar hula ta janye tallafin mai, ya sayar da tsohuwar motarsa ya sayo wata 'yar Kwatano, irin mai tafiya rabi da mai, rabi da batir. Ba ta da ƙara. Sai dai ka waiga ka gan ta tsaye a ƙofar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Nakan ce masa, "Motar nan taka tafiyar ɓarayi take yi." Shi kuwa ya ce, "Inna, ai ɓarauniyar ce ke ciyar da mu."

Da Allah ya karɓi ransa, ita kaɗai ya bari, sai mata da yara uku a gidan haya kusa da ni. Aka yi shawara a sayar da motar, a biya haya, matar ta ja jari, yaran su tashi a gabana. Amma ƙanen mahaifinsa ya ce dukiyar marayu wuta ce, kada wanda ya taɓa sai an raba gado. Duka muka ce gaskiya ne. Aka lulluɓe ta da tamfol, ya tafi da makulli. Matar ta fita takaba, damina ta zo ta wuce, ana ta jiran malamin da zai raba.

Ranar da aka yaye tamfol don a sayar da ita, mota ta ƙi tashi. Aka kirawo bakanike, wani Bayarabe daga Tarauni. Ya ɗaga kujerar baya, ya auna batirin, ya juyo gare ni.

"Mama, wa ya ce ku ajiye ta?"

Na ce, "Tsoron Allah."

Ya ce, "Batirin nan zama ke kashe shi. Da ana ɗan zagaya unguwa da ita, da ya yi muku shekaru."

Kuɗin sabo ya fi ƙarfin gidanmu gaba ɗaya. Na hannu kuwa, ya ce zai iya shekara, zai iya wata, shi ba zai rantse ba. Na sayar da tumakina, aka saka na hannun. Mai saye ya zo, ya ja ta zuwa Hotoro don gwaji. A can ta mutu masa a tsakiyar titi, ya dawo a adaidaita sahu ya miƙo makulli.

Masu fasa mota su sayar da kayanta su suka ɗauke ta a ƙarshe. Abin da suka bayar bai kai ko hayar ba. Mahaifin matar ya zo ya kwashe ta da yaran, suka tafi garinsu. Ƙaramin yana ta kuka, ya riƙe mini zane, sai da aka ɓanɓare yatsunsa.

Tamfol ɗin na nan. A kansa nake shanya kuɓewa.