Lado da Ɗakin Madam Anjalina

A Kazaure in ka ce Lado, sai an tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma in ka ce Lado na gadon Madam, har wanda aka haifa bayan abin ya san wa kake nufi. Shi ne ɗan kwana-kwanan da ya je kashe gobara da rana tsaka, gari ya taru yana salati, aka neme shi a kan rufi aka rasa, daga baya aka same shi kwance a kan gadon matar wani, hular kwano a ka, takalmi a ƙafa, yana kallon sama kamar wanda ya ci tuwon rana ya ƙoshi.

Iyakar abin da ake faɗa a majalisa ke nan, a yi dariya a wuce. Sauran labarin ya fi haka tsawo.

A wani ƙauye kusa da Roni aka haife shi, cikin duwatsu. Ubansa magini ne, don haka a kan rufin mutane ya girma, yana miƙa azara yana taka ƙasa. Tun yana saurayi aka lura shi mutum ne mai tafiya da hankalinsa wani wuri. Sai a gama aiki kowa ya sauka, shi yana zaune a sama yana kallon inuwar gajimare tana hawa dutse tana sauka. Yakan ce ɗaki yana numfashi kamar mutum, da safe ya ja sanyi, da yamma ya saki zafi, wanda kuma aka daɗe ba a kwana cikinsa ba numfashinsa yakan yi nauyi. Ana jin sa dai, a gyaɗa kai, don aikinsa ba ya yoyo.

Da ya dawo Kazaure da zama sai ya haɗu da wani kafinta mutumin gabas, Bartholomew, wanda mutanen gari suka ga sunan ya yi musu tsawo suka mai da shi Bato. Lado ya tayar da bango ya rufa, Bato ya sa ƙofa da taga. Rabin unguwar tasu haka aka gina ta. A shekarar da aka sami mulkin kai, Bato ya sami fili a bakin gari, Lado ya gina masa gida: shago a gaba inda yake aikin katako, ɗakin matarsa Anjalina a baya. Azarar da aka rufa ɗakin da ita Lado ne ya zaɓe ta da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa yana saurare.

Daga ranar da Anjalina ta shigar da kayanta, Lado bai ƙara taka ɗakin ba. Iyakarsa shago. Nan za ta kawo masa shayi da burodi, ta ce, "Malam Lado, kai ka gina ɗakin nan fa, ba zai cije ka ba." Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, da na gina shi ɗaki ne. Yanzu ɗakinki ne."

Sai shekarar hargitsi ta zo, mutanen gabas suka tattara suna tafiya. Da hantsi aka loda su Bato a wata babbar mota. Anjalina ta datse ɗakinta da kwaɗo, ta miƙa wa mijinta makulli, shi kuma ya haɗa da na shago, ya ɗaure su da ƙyallen atamfa ya danƙa wa Lado.

"Riƙe mini, Magini. In ƙura ta lafa zan dawo."

"Za ka same shi yadda ka bar shi," in ji Lado.

Wannan maganar ita ce ta riƙe shi shekara da shekaru. Aka yi yaƙi aka gama. Wasu suka dawo suka buɗe shagunansu, Bato shiru. Wani direba ya ce ya gan shi a Fatakwal, wani ya ce ya ji ya rasu. Masu son gidan suka yi ta zuwa, har mai unguwa ya taɓa kiran Lado ya ce, gidan nan fa ya zama kango. Lado ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kango ba ne. Mai gidan ne ya yi tafiya."

Duk shekara kafin ruwan farko sai ya kwaɓa ƙasa, ya jingina tsani, ya ɗaga murya ya ce, "Maza za su hau," don matan maƙwabta su kimtsa, sannan ya hau ya yaɓe rufin nan tas, ya gyara indararo. In ya gama sai ya zauna a sama yana kallon hanyar Kano. Duk motar da ta ɓullo daga nesa, sai a zuci ya ɗora Bato a bayanta da akwatin kayan aikinsa, ya biyo su da ido har motar ta wuce Daura. Yakan buɗe shagon ya share, wani lokaci ma ya ce yana jin ƙanshin sabon katako. Amma ɗakin baya, kwaɗon da Anjalina ta datse yana nan yadda ta bar shi. Matarsa Shatu ta taɓa cewa, "Malam, ba ni makullin in shiga in kakkaɓe mata, ni ai mace ce." Ya ce, "Da hannunta ta rufe. In ta dawo ta ga an taɓa mata kaya fa?" Shatu ta ce to, Allah ya dawo da ita.

Ana nan kuɗin mai suka shigo ƙasa. Kowa ya koma bulo da kwano, maginin ƙasa ya zama sai gyaran katanga. A lokacin ne aka kawo wa garin jar motar kashe gobara mai jiniya, aka ce ana neman majiya ƙarfi, musamman wanda ya san rufi. Aka ba Lado kaki da hular kwano. Shatu ta dube shi sama da ƙasa ta ce kamar an kifa wa turmi ƙwarya.

Shugabansu wani dogo ne mai suna Muhammadu Lawal, wanda ya yi horo a Kano, ba ya yawan magana. Shi ya koya musu cewa a gobara hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. In ya cika ɗaki ya rasa mafita, sai ya bi ƙofa da taga yana neman inda zai kwanta, zafi na biye da shi. Maganinsa a hau sama, a huda rufi daidai kan wutar, hayaƙi ya miƙe ya tafi, sannan masu mesar ruwa su ga gabansu su shiga. Lado ya ji wannan ya yi murmushi, ya ce ashe dai ɗaki yana numfashi. Huda rufi ya zama aikinsa. Ya yi a kasuwar Babura, ya yi a Gwiwa, kullum kuma sai ya tsaya a kan tsani ya yi shelarsa ta "Maza za su hau", ko da matan gidan duk suna waje suna kallonsa.

Doka ɗaya Muhammadu Lawal yake maimaitawa har ta gundure su. Gidan da babu kowa a ciki, ba a hawa kansa. A tsaya a ƙasa, a zuba ruwa daga waje, a tsare maƙwabta. Ba wanda ya san abin da shekaru suka yi wa rufin da ba a kwana ƙarƙashinsa, kuma ba ya son ya je gidan kowa ya ce wa matarsa an ba da mijinta saboda bango.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, cikin bazara. Wata maƙwabciya tana suyar ƙuli-ƙuli, tartsatsi ya tashi ya sauka a kan karan dawa da aka jingine a bangon shagon Bato. Kafin motar ta iso, wuta ta bi taga ta sami tsohon katako. Hayaƙi ya cika shagon, yana fita ta ƙarƙashin ƙofa, yana lallaɓawa ta bayan gida wajen ɗakin Anjalina.

"Akwai mutum a ciki?" in ji Muhammadu Lawal.

Jama'a suka ce babu, an fi shekara goma.

"To daga waje. Kowa a ƙasa."

Lado ya matso kusa da shi. "Ranka ya daɗe, in ba a huda shagon ba, zafin zai koma ɗakin baya."

"Na sani. Kango ne, Lado."

"Ni na rufa shi. Bana ma na yaɓe shi."

"Ta sama ka yaɓe. Yaushe rabonka da ganinsa ta ƙasa?"

Lado ya ɗaga kai ya dubi rufin. Shugaban ya juya wajen masu mesa, da ya waiwayo sai ya ji murya daga bayan gida tana cewa, a hankali kamar mai jin kunya, "Maza za su hau."

A faɗi gaskiya, hudar ta yi kyau. Ya tsaya ta inda iska ke bayansa, ya sara da diga, hayaƙi ya miƙe sama baƙi ƙirin kamar an zare shi da igiya, masu ruwa suka ɓalle ƙofar shago suka shiga. Sai Lado ya ja da baya don ya ba zafin wuri, ya taka rufin ɗakin Madam. Gara ta daɗe da cinye azarar ta ciki, ta bar masa yaɓensa mai kyau a sama. Waɗanda ke kallo sun ce bai yi ko ƙara ba. Yana tsaye, sai ya gajarce, sai babu shi.

Gadon ƙarfe ne mai waya, irin na amaren da. Gadon ya karɓe shi, ya ɗaga shi, ya sake karɓa. Lado ya ce da ƙurar ta lafa sai ya ga rana ta sauko ta hudar kamar an tsayar da farin ƙyalle a tsakiyar ɗaki. Ga keken ɗinki an lulluɓe shi. Ga takalman zuwa coci a jere a bakin gado, ga madubi, ga ɗankwali a rataye a ƙusa kamar yanzu aka cire shi. Ta cikin hudar yana ganin hayaƙi yana wucewa can sama, shirwa tana kewaya shi. Ya ce bai taɓa jin shiru irin wannan ba, har ya ji kamar ana fere katako a shago, ana dama shayi. Ƙafarsa ta gurɗe, amma sai daga baya ya sani.

Muhammadu Lawal ne ya leƙo ta taga.

"Lado. Kana da rai?"

"Ina da shi, ranka ya daɗe."

"To tashi ka fito, hudar da ka yi da jikinka za ta jawo hayaƙin nan."

"Ƙofar a kulle take ta waje."

"Ina makullin?"

Lado ya laluba aljihu, ya miƙo shi ta tsakanin ƙarafan taga, da ƙyallen atamfarsa.

Shagon ya ƙone rabi, ɗakin ya tsira. Shugaban bai yi masa faɗa a gaban jama'a ba. Ya bari sai da aka ɗaure ƙafar, ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Da babu gadon nan fa?" Lado ya ce shi ma abin da yake ta tunani ke nan. Bai sake hawa gidan da ba kowa a wurin gobara ba. In an kawo sababbin ma'aikata, shi ake sa wa ya gaya musu: kada kyan rufi ta sama ya ruɗe ku, ku tambayi yaushe aka kwana ƙarƙashinsa, ku daki gabanku da sanda kafin ku taka, kuma ba kowane ɗaki ne ake ajiye muku gado ba.

Da ƙafar ta warke ya sayo sabuwar azara ya sake rufin. Shatu ce ta shiga ta share, ta mayar da takalman inda sawunsu yake a ƙura. Ta ce da an ba ta makullin tun farko, da ta ga garar, da kuma ba a san mijinta da gadon wata ba.

Damina biyu bayan haka, wata motar haya ta tsaya a bakin gari, wani tsoho mai furfura ya sauko yana ɗingishi, wata mace mai jiki tana biye da shi da jaka. Lado yana kan rufin yana yaɓe. Ya bi su da ido kamar yadda ya saba bin kowace mota, yana jiran su wuce. Ba su wuce ba.

Kafin la'asar an ba su labarin sau uku, kowane da ƙarinsa. Anjalina ta shiga ɗakinta ta daɗe, ta fito da ɗankwalin a hannu, idonta ya yi ja, tana dariya. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon, ta kawo shayi. Bato ya juya makullan a tafin hannunsa, ya dubi sabon rufin, ya dubi abokinsa.

"Magini, ni dai abu ɗaya ne ban gane ba. Na ba ka makulli a hannunka, ga ƙofa ni na yi ta da kaina, ba ta cijewa. Me ya kai ka shiga ɗakin matata ta sama?"

Lado ya kurɓi shayinsa, ya sunkuyar da kai.

"Ai cewa ka yi in riƙe maka. Ba ka ce in buɗe ba."