Ƙarfen da Malam Manzo ya binne bayan madafa

Shekara ashirin da uku ina maƙwabtaka da Malam Manzo a nan Gure, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Mutumin kirki ne, amma akwai taurin kai. Aikin gidan waya ya yi tun zamanin da ake buga saƙo da radiyo, da ya ajiye aiki sai ya nemi takardar izini, ya kafa tasa radiyon a ɗakin zaure, irin wadda ake magana da ita a kuma ji amsa. Ya ja doguwar waya daga sandar ƙarfe zuwa bishiyar bedi, ya ce eriya ce.

Abin da ya fi alfahari da shi yana ƙarƙashin ƙasa. A cewarsa irin wannan radiyon ba ta ji da kyau sai an ɗaure ta da ƙasa mai laima, mu kuwa rairayi gare mu, busasshe kamar garin tuwo. Shi ya sa ya haƙa rami bayan madafa, ya kafa sandar tagulla, ya zuba gawayi da kanwa, ya rufe. Duk baƙon da ya zo sai ya sha labarin haɗin nan, wai shi ke riƙe laima shekara da shekaru. Bai ƙara leƙa wurin ba, don can ɓangaren mata ne.

Allah bai ba su haihuwa ba, shi da matarsa Mairamu. Abokinsa na gaske ɗaya ne, wani tsoho mai suna Ibram a Mao ta ƙasar Cadi, wanda ido ya riga ya ƙi. Kowace Juma'a bayan sallar asuba suke haɗuwa a radiyo, su yi hira da Barbarci har rana ta ɗaga. Ba su taɓa ganin juna ba. Ko lambar salula ba su karɓa ba, don dukansu sun raina ta, wai abin yara ce.

Bara da bazara Mairamu ta rasu, ciwon kwana huɗu. Har yau in na tuna sai zuciyata ta karye. Malam bai yi kuka gaban mutane ba. Da aka yi sadakar bakwai ya shiga zaure don ya faɗa wa Ibram, ya ji muryarsa can ƙasa-ƙasa, kafin ya yi magana ta ɓace. Juma'ar da ta biyo baya ba abin da ke fitowa sai shuuu, kamar ana soya gyaɗa.

Wata biyu yana fama. Ya canza batir, ya sauke wayar ya goge ta, har ya hau bedi da shekarunsa saba'in da huɗu, ina ta yi masa faɗa ta kan katanga. Ya rame. Wata safiya na kai masa koko, ya ce mini abin da ke cinsa shi ne Ibram zai ɗauka ya yar da shi ne, ko kuma shi ma Ibram ɗin ya tafi ba wanda zai sanar da shi. Na tambaye shi ko ya duba bayan madafa. Ya harare ni, ya ce wannan aikin hannunsa ne, ba ya lalacewa.

Raina ya ɓaci, na fasa abin da aka ce in rufe.

"Malam, wa kake tsammani ke ba ƙarfen nan ruwa?"

Na gaya masa duka. Tun shekarar farko Mairamu ta lura cewa da damina radiyon na fita tas, shi ma yana fara'a, da rani kuwa ta yi ta hayaniya, shi ya yi ta ƙunci. Sai ta fara juye ruwan wanke-wanke a gindin ƙarfen kowace rana. Lokacin da famfo ke ɗaukewa kwana da kwanaki, daga randata take ara. Na sha ce mata ta gaya masa mana. Takan yi dariya ta ce in bar shi da gawayinsa, abin da ya rage masa ke nan.

Ya miƙe ya zaga bayan madafa, na bi shi. Ƙasar wurin ta bushe ta tsattsage. Ya daɗe a tsugune, sannan ya tambaye ni inda take ajiye bokiti. Na ce zan ɗebo masa, ya ƙi. Kwana shida yana jigila da kansa, safe da yamma, rabin ruwan na zubewa a kan rigarsa.

Ran Juma'a na tsaya bakin zaure, ban ɓoye ba. Ya kira sau uku. A na huɗu muryar Ibram ta fito sarai, yana tambayar ina ya shiga haka, ko radiyon ce ta mutu.

Malam ya riƙe abin maganar da hannu biyu.

"Radiyo lafiyarta lau, Ibram," ya ce. "Mai ba ta ruwa ce ta rasu."