Kawu Sada da Kwamfutar da Ta Ƙi Yatsansa

Kun san Kawu Sada ba ya taɓa kwamfutar nan sai ya yi mata sallama. Ya goge babban yatsa a hula, ya ɗora, ta buɗe. Ya ce, "Madalla, kin san manya."

Ni nake ɗaukar masa jakar. Ban yi boko ba, amma ina da ido.

Da 'yan bindiga suka koro mu daga ƙauyenmu na wajen Barkiya, shi ya zauna a Kurfi ya shigar da sunan kowa a cikinta. Hukuma ta ce a kai takardar sunayen ranar Litinin, wanda babu sunansa babu aron gona. Ya aro firinta don ya buga sunayen. Yana haɗawa sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar, wai sai da izinin mai kwamfuta. Ya ɗora yatsa. Ko kallo! Lambar sirri take so. Shi ya manta, ɗansa da ya sa masa ita ma ya manta.

"Ke! Ɗazun nan kika buɗe mani! Uban wa ya sauya ni?"

Ya lasa, ya ɗora. Ya shafa man kaɗanya. Ya gwada goman duka. Sai ya juyo.

"Ɗanladi, kawo naka."

"Kawu, uku suka bar mani a hannun nan."

"To ai ba za mu daɗe ba."

Na goya shi a babur sai Dutsin-Ma. Mai gyara ya duba ya ce, "Baba, yatsanka lafiya lau. Akwatin ne ba a gaya masa ya karɓi yatsa ba."

"To gaya masa."

"Sai da lambar."

"Wato makullin ɗakin yana cikin ɗakin?"

"Sai dai in goge komai."

Kawu ya fizge ta ya rungume. "An kore su sau ɗaya, kai kuma ka goge su?"

"To in kwafe a tawa, in buga maka."

"Sunan matan mutane a shagon kasuwa? Tashi, Ɗanladi!"

Wallahi na so in ajiye shi a hanya. Gonata ce a ciki, shi yana gardama!

Kwana biyu ya yi da biro yana kwafe sunayen daga fuskar kwamfutar, yana zaginta. Ranar Litinin ya kai, hannu a kumbure, ko ludayin fura ba ya iya riƙewa. Babu wanda ya tsallake. Na samu gona, na shuka gero.

Bai ga girbin ba.

Allah ka jiƙan Kawu. Ranar da za a kira sunan mutanen kirki, kada a tsallake nasa.