Saƙon da Umma ta tura Damagaram

Shekarun baya na saya wa mahaifiyata sabuwar waya a wani shago a unguwar Anbariyya, nan Madina. Dal take a kwalinta, ni na yage ledar da hannuna. Na dawo gida unguwar Jurf ina hura hanci, wai ni ga wanda ya san jawwal, wato wayar hannu. Umma ba ta rubutu, sai na koya mata yadda za ta danne alamar nan ta saƙon murya ta yi magana ta saki. Kiran bidiyo kaɗai na gwada, muka ji juna tar, na ce khalas.

Ashe da abin da take son wayar dominsa. Tana da yaya a Damagaram, tun rasuwar kakarmu wata magana ta shiga tsakaninsu, shekara da shekaru ko barka da Sallah babu. Wata Juma'a da ta dawo daga Harami ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta daɗe. Ta fito ido jajir ta ce min, "Na ba Yaya haƙuri. Na faɗa mata komai."

Kwana biyu, kwana biyar, shiru. Ta sake tura 'yar gaisuwa, shiru. Abinci ma sai ta tsakura ta ture. "Ga alama nan ta buɗe," in ji ta, "ta ji, ƙi na ta yi." Ni kuwa uban 'yan zafin kai na hau faɗa, har na ce tsohuwar nan ba ta da tausayi. Allah ya yafe min.

Sai ga kira daga ɗiyar yayar tata, a fusace. "Wai me muka yi wa Ummanku ne? Saƙo minti bakwai, ba komai ciki sai shuuu! Mama ta kasa kunne har ƙarshe, sau uku. Ta ce in tsokana ce ta gode."

 Na karɓi wayar Umma na yi sallama a ciki, na kunna: shuuu. Abokina mai gyaran waya ya duba ya ce abin ɗaukar maganar da ke ƙasa a mace ya zo daga kamfani, shi kiran bidiyo da na sama yake aiki.

Na kwashi kwali da rasit sai shago. Mai shagon ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ya akhi, tsofaffi haka suke, yatsa take ɗorawa a wurin." Na yi magana a gabansa, yatsuna a sama, na kunna masa. Ya ce to ƙila ruwan alwala ne ya shiga. Kai! Ka sayar min da matacciyar waya, sannan ka ɗora wa uwata laifi har sau biyu? Da ya ga ba sauƙi ya ce in kai wa wakilin kamfani, su ke da garanti, sati biyu zuwa uku.

Na ja kujerarsa na zauna. Duk wanda ya shigo sayen waya sai in ce, "Bawan Allah, saurari wannan tukuna," in kunna masa shuuu. Mutum uku suka juya. Ana kiran la'asar ya jawo sabuwa ya dangwarar min, ya ce, "A kan ɗan wannan? Ai ba abin da ya faru."

Wallahi wannan maganar ce har yau take ƙona min rai.

Na kai wa Umma na ce ta sake faɗa. Ta juya wayar a hannunta ta ce, "Abin da na faɗa ranar nan ba ya faɗuwa sau biyu." Da ƙyar ta danna ta ce, "Yaya, ni ce. Wayar ce ba ta da lafiya." Ba a jima ba yayar ta kira, suka yi ta kuka, suka yafi juna. Bayan shekara biyu Allah ya yi wa yayar rasuwa, suna shiri.

Tun daga nan ba na fita daga shago da waya sai na tura wa kaina saƙo na saurara, kowa ya ga dama ya kira ni baƙauye. Amma haƙurin nan da Umma ta yi shekaru tana tarawa, wadda aka yi dominta ta tafi ba ta ji shi ba. Na taɓa tambayar ta me ta ce a ciki. Ta dube ni ta ce, "Ba da kai nake ba."